DUKIYAR DA KE KWANCE A BOLA

A cikin watan Afrilu na shekarar 2024 waɗansu masana na Jami'ar Nottingham da ke Ingila suka ba da sanarwar wani bincike da suka kammala. A fuska labari ne na malaman kimiyya, irin wanda mai karatu kan tsallake ya wuce shafin wasanni. Amma in an duba da kyau, labarin ya shafi dubban 'yan Arewa masu yawon sayen tsofaffin ƙarafa a lungunan Agege da Mushin da Ijora, da waɗanda suka ci shekaru suna tsince-tsince a babbar bolar Olusosun ta Ojota, da takwarorinsu na Badun da Anaca da Fatakwal. Abin da masanan suka yi shi ne, sun ɗebo ɓarɓashin ƙarfen da ke zubowa daga injunan feƙe ƙarfe, wanda aka saba sharewa a zubar, suka mai da shi kayan aikin da ke raba ruwa ya fitar da iskar da ƙasashen duniya ke rububinta a yau, watau haidirojin.

Kafin a yi nisa ya kamata a bayyana ko mece ce wannan iska. Ruwan da ake sha haɗi ne na iska biyu, haidirojin da oksijin. Tun a shekarar 1800 waɗansu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka nuna cewa in an ratsa wutar lantarki cikin ruwa sai ya rabu, kowace iska ta fita ta gefenta. Haidirojin tana ci da wuta kamar gas ɗin girki, sai dai in ta ƙone abin da take bari shi ne tururin ruwa. Ban da wannan kuma, da ita ake tace man fetur, da ita ake haɗa takin zamani. Buhun yuriya da manomin Funtuwa ko na Kadawa ke kuka da tsadarsa, asalinsa haidirojin ce aka haɗa da iskar da ke sararin sama. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 duniya ta yi amfani da tan miliyan 97 na haidirojin, amma abin da aka samar ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mafi yawan sauran daga gas da kwal aka tatso, kuma tatsowar ta saki fiye da tan miliyan 900 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wadda aka samu ta hanyar raba ruwa da wutar hasken rana, ko ta kaɗawar iska, ko ta madatsar ruwa, ita ce Turawa suka laƙaba wa suna koriyar haidirojin.

To, ruwa ba ya rabuwa da sauƙi. Wutar lantarki ita kaɗai tana iya yin aikin, amma da jan jiki da asarar wuta mai yawa. Saboda haka ake shafa wa farantan ƙarfen da ke cikin na'urar wani sinadari da masana ke kira katalis. Wanda ya san zangon shanu ko kasuwar goro ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama katalis dillali ne. Dillali ba shi da sa, ba shi ne zai yanka ba, amma in babu shi mai saye da mai sayarwa sai su wuni suna ja-in-ja. In ya shiga tsakani ciniki ya faɗa nan da nan, ya karkaɗe rigarsa ya koma ga na gaba. Haka katalis yake gaggauta rabuwar ruwa ba tare da shi ya ƙare ba.

Matsalar ita ce la'adar wannan dillali. Waɗanda suka fi iya aikin su ne ƙarafa biyu masu daraja, filatinam da iridiyam. Filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya duka bai kai tan 200 a shekara ba, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Iridiyam ya fi shi wuya nesa ba kusa ba: tan 7 zuwa 8 kawai ake samu a shekara, abin da babbar mota ɗaya za ta ɗauka ta yi tafiyarta ba tare da ta ji nauyi ba. Da aka fara rububinsa, farashinsa ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 kowace oza a shekarar 2020 zuwa fiye da dala 6,000 a 2021. Ko yaro ya san cewa ba za a gina masana'antar da za ta ciyar da duniya a kan ƙarfen da bai cika mota ɗaya ba. Dalili ke nan da ya sa masana suka juya suna neman hanyar rage amfani da waɗannan ƙarafa, ko kuwa maye gurbinsu da masu araha irin su nikel da kobal da baƙin ƙarfe. Da suka duba inda za su sami masu arahar, sai idonsu ya faɗa kan bola.

Masanan Nottingham sun sa ɓarɓashin titaniyam da na nikel a ƙarƙashin madubin da ke girmama abu, suka tarar da cewa fuskarsa, wadda ido ke gani sumul, cike take da ƙananan kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa. Injin da ya feƙe ƙarfen shi ne ya yi huɗar ba da niyya ba. Sai suka yi wa kunyoyin yayyafin filatinam, ɗan kaɗan ƙwarai: kashi 28 cikin miliyan na giram ɗaya a kan fili mai faɗin farcen ɗan yatsa. Ɗaya gefen kuma suka yayyafa masa kobal. Bisa ga abin da suka bayyana, 'yar na'urar da suka haɗa ta riƙa fitar da rabin lita na haidirojin a minti ɗaya, da filatinam ɗin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da na'urorin kasuwa ke ci ba. Ba su kaɗai ne a wannan fage ba. A jami'o'i da dama na Turai da Asiya da Amurka ana narkar da cikin matattun baturan waya da na kwamfuta a tsamo nikel da kobal a yi katalis da su. Waɗansu suna gwada tarkacen farin ƙarfe mara tsatsa. Waɗansu kuma suna toya ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da makamantansu su zama gawayi mai ƙananan ramuka, wanda ake ɗora sinadarin a kansa.

Mai karatu ya sake duba wannan jeri: mataccen batir, tarkacen ƙarfe, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa. Babu ko ɗaya da Nijeriya ba ta da shi jibge. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma rabon Nijeriya a ciki ya kai wajen tan dubu 500. Wannan tarkace ba ya tattara kansa. Wanda ke bi gida-gida yana saye, yana ɓallewa, yana ware jan ƙarfe daban, dalma daban, sanholo daban, sau da yawa shi ne yaron nan da ya baro Kano ko Katsina ko Jigawa da rani, wanda ake kira baban bola ko ɗan jari-bola, wanda masu motoci ke toshe hanci in sun gifta shi.

Akwai misali ɗaya da ya isa ya buɗe idon kowa. A cikin salansar kowace mota ta zamani akwai wani curi mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda makanikai a ƙasar nan ke kira indomi. Aikinsa shi ne tace hayaƙi, kuma an shafe shi da 'yan giram kaɗan na filatinam da 'yan'uwansa. Watau shi ma katalis ne. Shekara da shekaru ana ciro shi daga motocin da aka shigo da su na hannu, wani lokaci da yardar mai motar, wani lokaci kuwa sai ya ji ƙarar motarsa ta sauya kafin ya gane an yi masa ƙwange. Ana sayen curin nan a kasuwannin kayan gyara, amma tace shi sai a manyan matatun ƙasashen waje, irin wadda kamfanin Umicore ke da ita a Hoboken ta ƙasar Beljiyam. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na filatinam ɗin da ke shiga kasuwar duniya a shekara daga tsofaffin kaya ake tatso shi, mafi yawa daga irin wannan curi. Wanda ya ciro ya karɓi 'yan nairori, wanda ya tace ya ƙirga daloli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba sabon labari ba ne ga mutumin Arewa. An tara dalar gyaɗa a Kano, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko, aka matse ta a Turai. An haƙi kuza a Jos tun farkon ƙarni na 20, ta tafi, aka bar wa mutanen wurin kududdufai. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara ta shiga kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, ko sunan ma bai tsira ba. A kowane karo kayan na nan ne, wahalar ta nan ce, ilmin sarrafawa da ribar kuma na can. Abin tsoro shi ne kada tarkace ya bi sahun gyaɗa da kuza da kirgi. Dokar kwastan ta hana fitar da tarkacen ƙarfe daga ƙasar nan, wannan gaskiya ne, amma hani kawai bai taɓa gina masana'anta ba. In babu mai saye na gida da zai biya farashi mai kyau, kaya za su nemi hanyarsu ta fita ko da an kulle ƙofa.

Amma fa kada ganin hadari ya sa a zubar da ruwan tulu. Abin da ya yi aiki a kan teburin jami'a bai zama masana'anta ba tukuna. Na'urar kasuwa ana son ta yi aiki shekaru ba hutawa, alhali yawancin gwaje-gwajen nan na awoyi ne ko kwanaki. Tarkace kuma ba shi da tabbas: buhun yau dabam da na gobe, masana'anta kuwa tana son abu iri ɗaya kullum. Har ila yau, katalis ba shi ne babban kuɗin aikin ba, wuta ce. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin wajen yunit 50 zuwa 55 na lantarki da tsabtataccen ruwa aƙalla lita 9. Ƙasar da wutar da take rarrabawa ke kai-da-kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, wadda masu walda da masu niƙa ke wuni suna jiran a kawo wuta, ba ta da rarar da za ta zuba cikin ruwa. Bugu da ƙari Nijeriya tana da gas mai yawa, kuma da shi ne masana'antun taki na Indorama a Eleme da na Dangote a Lekki ke samun haidirojin ɗinsu cikin araha. Duk wanda ya ce gobe da safe za a daina wannan a koma raba ruwa, yaudarar jama'a yake yi.

Duk da haka masu cewa abin bai shafi Afirka ba sun jahilci tarihi. Masar ta gina masana'antar taki a Aswan wajen shekarar 1960 wadda ke raba ruwa da wutar madatsar Kogin Nilu. A garin Kwekwe na ƙasar Zimbabuwe kamfanin Sable ya yi taki ta wannan hanya tun daga 1972 har 2015, lokacin da tsadar wuta da ƙarancinta suka sa aka rufe sashen. Ke nan aikin ba gagara-badau ba ne, kuma abin da ke kashe shi sananne ne. Abin da ya sauya a yau shi ne farantan hasken rana sun yi arahar da ba a taɓa zato ba, rana kuwa ba ta da inda ta fi zama kamar Sakkwato da Katsina da Barno. Sa'an nan daga shekarar 2026 Tarayyar Turai ta fara ɗora kuɗi a kan taki da ƙarfe da siminti da ake shigar mata da su gwargwadon hayaƙin da aka saki wajen yin su. Masu saye sun fara tambayar yadda aka yi kaya, ba nawa ne kuɗinsu kaɗai ba. Ƙasar da ba ta iya gina babbar masana'antar haidirojin bana tana iya koyon tace nikel da kobal da filatinam daga tarkacenta, domin waɗannan suna da kasuwa ko an raba ruwa ko ba a raba ba.

Ma'aikatun da za su yi wannan aiki suna nan, ba sai an kafa sababbi ba. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi tana nan tun 1956. Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu an kafa ta a 1987 musamman domin a rage dogaro da kayan waje. Akwai cibiyar binciken ƙarafa a Jos, akwai cibiyoyin binciken makamashi a jami'o'in Sakkwato da Nsukka. Daga Oshodi zuwa kasuwar kayan gyara ta Ladipo tafiyar 'yan mintoci ce. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa waɗannan ma'aikatu aiki takamaimai: su auna abin da ke cikin tarkacen da ake tarawa a Ikko da Kano da Anaca, su buga sakamakon kowa ya gani, su kafa ƙaramar matata ta gwaji ko da guda ɗaya ce. Asusun tallafa wa manyan makarantu kuma ya ware wani kaso domin ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai da za su yi bincikensu a kan tarkacen gida. Ƙasar da ta zuba dukiya a Ajakuta tun 1979 tana jiran ƙarfe ba za ta ce kuɗin ɗakin gwaji sun gagare ta ba.

Sai maganar masu tattarawa, wadda ita ce ta fi zafi. Hanyar da hukumomi suka fi sani ita ce kora. A watan Janairu na 2018 Gwamnatin Jihar Ikko ta haramta tura kura a tituna. A watan Janairu na 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta hana 'yan bola yawo a cikin Abuja, ta kuma rufe kasuwannin fanteka na mako biyu, bayan da aka yi ta sace murafen magudanun ruwa a kan manyan tituna. Ba za a ce hukuma ba ta da hujja ba. Akwai ɓata-gari a cikin sana'ar, masu yanke wayar lantarki, masu kwance ƙarfen gada da na hanyar jirgi, kuma laifinsu ya kan jawo wa dukan 'yan Arewan unguwa zagi da duka, har da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ɓoye wannan ba ƙauna ba ce. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Murfin magudanar ruwa ba ya narkar da kansa. Akwai mai sikelin da ya auna, akwai masana'antar da ta karɓa ba ta tambayi asali ba. A kama yaro mai buhu a bar mai tanderu, wannan ba shari'a ba ce.

Abin da ya fi kora amfani shi ne rajista. Kowane mai tattarawa ya sami katin shaida da lamba, kowane mai sikeli ya riƙe littafin da ke nuna wanda ya kawo kaya da irin kayan, kowace masana'anta ta amsa tambaya a kan abin da ta narkar. A nan sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu suna da babban aiki, domin su ne suka san wanda ya sauka da wanda ya tashi. Su da shugabannin 'yan gwangwan ya kamata su riga hukuma, su tsara 'ya'yansu cikin ƙungiyoyin gama-kai, su fitar da ɓarayi da hannunsu kafin a zo a yi musu kuɗin goro. Ƙungiya tana iya abin da mutum ɗaya ba ya iyawa: ta sayi sikelinta, ta koya wa yara bambanta batirin da ke da kobal da wanda ba shi da shi, ta tara kaya da yawa ta yi ciniki da masana'anta kai tsaye. Yawancin masu wannan aiki ba su san abin da ke cikin buhunsu ba, shi ya sa ake saye a hannunsu da kilo kamar tsakuwa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi kuɗi. Ƙona waya domin a ciro jan ƙarfe, da fasa batir da guduma a zubar da ruwansa a ƙasa, guba ce ga mai yi da maƙwabtansa. Mutanen Arewa sun san abin da dalma ke yi: a shekarar 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. A 2025 kuma hukumomi sun rufe waɗansu masana'antun narkar da tsofaffin batura a Ogijo ta Jihar Ogun saboda gurɓata muhalli. Ba daidai ba ne a yi wa wata ƙasa iska mai tsabta da huhun ɗan wata ƙasa. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta tarayya, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar da ta ɗora wa masu ƙera kayan lantarki da masu shigo da su nauyin kwashe su in sun mutu. A tilasta wannan doka, kuma wani kaso na kuɗin da ta tara ya tafi ga safar hannu da takalma da abin rufe hanci, da gwajin jini ga masu aikin aƙalla sau ɗaya a shekara.

Gwamnatocin jihohin Arewa ma ba su fita ba. Su ne ke karɓar waɗannan matasa in an kore su, a cika mota a sauke su a tasha ba jari ba sana'a. Ɓuntun shinkafar da ke tsibi a bayan injunan casa na Kabi da Kano da Jigawa, wanda ake cinna wa wuta domin a sami wuri, yana cikin abubuwan da masanan waje ke gwadawa. Kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano da Bida suna iya buɗe kwas na wata shida a kan rarrabe ƙarafa da kwance kayan lantarki ba tare da ƙonawa ba, a koyar da shi da Hausa, a ba da takardar shaida wadda hukumomin Kudu za su amince da ita. Ya rage ga gwamnonin su sa wannan a cikin kasafin kuɗin baɗi, ga 'yan majalisar da ke wakiltar garuruwan da yaran nan suka fito kuma su tambayi ministocin kimiyya da na muhalli, a zauren majalisa, tan nawa na matattun batura da curin salansa ke barin tashar Apapa a kowace shekara, da sunan wa, kuma a kan nawa.